Kafin Ka Hau Keken Nan Ranar Lahadi

Sentul, Kuala Lumpur
Laraba, bayan azahar

Zuwa ga yayan Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da sanyi, ina gaishe ka da baƙunta, ina gaishe ka da taɓon da ka baro gari mai kwalta sumul ka tafi nema. Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, ya kare ka daga cutar nan da ta hana duniya sakat, ya sa takardar nan ta same ka a zaune, ba a kan keke ba. Mu nan lafiya muke. Abbanka yana gaishe ka, ƙanwarka Nana ma haka, ko da yake tana tsoron za ka yi fushi da ita, za ka gane dalili nan gaba kaɗan.

Da hannu na rubuta, Nana za ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka. Na san za ka yi tsaki ka ce me ya hana Umma ta kira. Abin da ya hana ni shi ne na gaji da kiran da ba ya wuce minti uku, ina yi maka Hausa kana mayar mini da Turanci, ka rufe da "okay lah, Umma" ka ce za ka je wanke keke. Kullum wanke keke. Ko jariri ba a yi masa wankan da kake yi wa keken nan. To ka zauna ka karanta Hausar nan a hankali, in wata kalma ta gagare ka ka tambayi ƙanwarka, amma ka gama ta kafin ranar Lahadi.

Na ga faɗuwar da ka yi ranar Asabar. Wata uku kenan da tafiyarka Beljiyam ban taɓa yarda na kalli tseren nan naku ba, sai ranar nan bayan magariba Nana ta kafa mini waya a kan teburin kicin ta ce ana nuna ku kai tsaye, in duba mai lamba arba'in da bakwai. Na duba. Wallahi ban taɓa ganin wahalar da aka shirya da gangan irin wannan ba. Samari da hankalinsu suna zagaye fili ɗaya, ga taɓo ga ƙanƙara, numfashinsu yana fita kamar tururin tukunya, in sun zo gangare su sulala, in sun zo tudu su diro su saɓa keken a kafaɗa su hau da gudu. Na ce wa Nana, to in ɗaukarsa za a yi, me ya sa aka saye shi? Ban rufe baki ba sai na ji ta ja numfashi. Tayar gabanka ta kafe a wani rami da sanyi ya daskarar, ka tashi sama ta kan keken, kanka ya daki turken katakon da aka ɗaura wa igiyar gefen hanya. Ka ɗan jima a kwance. Da ka miƙe, sai ka ɗauki keken ka fuskanci inda ka fito, har sai da wani mutum mai riga ruwan ɗorawa ya kama kafaɗarka ya juya ka. Kuma ka hau, ka gama tseren. Ni kuwa miyar da na ɗora ta kama, ban ji ƙaurinta ba sai da Abbanka ya leƙo daga ɗaki.

Washegari da muka yi waya na ce yaya jiki, ka ce da sauƙi, ƙaramar faɗuwa ce, kafaɗa kawai ka buga. A cikin kiran nan guda sau uku ka tambaye ni yaya Abba, kowane karo kamar ba ka taɓa tambaya ba. Na lura sarai. Jiya kuma na tsare Nana a kicin, don na ga tana ta kauce wa idona, ta fashe da kuka ta faɗa mini sauran. Kanka yana ciwo tun ranar, hasken fitila yana damun idonka, ka yi amai sau ɗaya, hular kwanon taka ta tsage ka cusa ta ƙasan jaka don kada kocinku ya gani, ka ari ta wani. Ka sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, saboda ranar Lahadi akwai tsere, kuma mutanen wata babbar ƙungiya za su zo su zaɓi yara. Kar ka kuskura ka yi mata faɗa. Ni na matsa mata, kuma ka san ni in na matsa.

Daga nan na hau hawa na tara wajen Maman Sadik, likitar nan 'yar Zariya da take ƙarin karatu, na tsaya a bakin ƙofa da takunkumina na zayyana mata komai. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce ƙwaƙwalwarka ce ta girgizu, kuma abin da suka fi tsoro shi ne a sake buga kan bai warke ba, don bugu na biyu ko ƙarami ne yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ta ce sai likita ya duba ka, sai ka huta, ba hawa keke har sai an ce ka hau. Na ce mata ai a tseren da suke yi faɗuwa ba komai ba ce, kowa sai ya sha ƙasa. Ta ce to kin ga dalili kenan.

Zan faɗi abin da nake so tun yanzu, don kada ka ce takardar ta yi tsawo ba ka kai wajen ba. Ka ciro hular nan daga jaka, ka kai wa kocinku, ka faɗa masa komai. Kada ka hau keken nan ranar Lahadi.

Haushi nake ji, ba zan ɓoye maka ba, kuma tun ranar Asabar nake neman wanda zan sauke wa shi. Na fara da kai, na koma kan Abbanka da ya saya maka keken farko, na bi ta kan duk wanda ya ƙirƙiro wasan da ake yi a cikin ƙanƙara alhali Allah ya yi ɗaki da bargo. Da na zauna a kan sallaya na nutsu, sai na ga yawancin laifin nawa ne. Wannan ɓoye ciwon ba a Beljiyam ka koya ba, a hannuna ka koya.

Karo na farko kana shekara tara, ba mu daɗe da komowa gidan nan na Sentul ba. Ana sunan 'yar maƙwabtanmu, matan 'yan Najeriya sun cika ɗakin taron da ke ƙasan bene, kai kuma kana zagaye filin ajiye motoci a kan jan keken nan naka. Ka daki dakali ka faɗi a kan hannunka, a gaban kowa. Wata ta taɓa ni ta ce ɗanki ne fa. Na ga yadda ka riƙe hannun, na san ba lafiya ba. Amma kai ɗan fari ne, a gidanmu kuma uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane. Haka na ga Inna tana yi wa babban yayanmu, haka na tashi. Sai na ci gaba da zuba wa mutane shinkafa na ce a rabu da shi, zai tashi. Ka kalle ni, ka haɗiye kukan, ka tashi. Matan suka yi ta yaba maka wai jarumi, ni kuma suka yaba mini kara. Har wani daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Kwana biyu kana cin abinci da hagu, ni kuma ina yi maka faɗa a kan cin abinci da hagu. Sai da malamarku ta ga hannun ya kumbura ta kira Abbanka. A asibiti likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya tambaye ni yaushe abin ya faru, na ce shekaranjiya, ya cire gilashinsa ya kalle ni. Har yanzu in an kwana biyu ana ruwa kana murza wuyan hannun nan, ka ɗauka ba na gani.

Matan nan sun zo dubiya, sun kawo lemo, sun tafi gidajensu. Kai ne ka yi sati shida da filasta. Haka ma mutanen da suka tafa maka ranar Asabar da suka ga ka tashi ka gama, sun koma gida sun sha shayinsu, kai ne ba ka iya kallon fitila. Don haka in ka faɗi, kada ka dubi fuskar masu kallo kafin ka san ko kana jin ciwo. Ka dubi jikinka. Yabon jarumta ba ya ɗora ƙashi, na gwada a kanka na gani.

Na biyu ba sai na tuna maka ba, don kai ka tsince ni. Lokacin kullen nan mai tsanani, da ba a fita sai mutum ɗaya ya je kedai, wato shagon unguwa, ya sayo abin da ake bukata ya dawo, zazzaɓi ya kama ni. Kwana huɗu ina cewa mura ce. Abbanka yana ɗaki yana koyar da ɗalibansa na makarantar da ke titin Jalan Semarak ta kwamfuta, in ya fito ya ce yaya jiki in ce da sauƙi, in koma in ɗora tukunya. Ba na jin ƙanshin albasa, ba na jin ɗanɗanon gishiri, na san ko mene ne sarai. Amma ina tsoron a ɗauke ni a killace, ina tsoron a ce gidanmu ne ya kawo cuta benen. Ka ce in kwanta za ka je ka yi mana tapau, wato ka sayo dafaffen abinci a ƙunshe, a gidan abincin mamak, na ce ba a gidana za a ci abincin leda ina raye ba. Rana ta biyar na buɗe ido na gan ni a ƙasan kicin, kana durƙushe ka maƙala mini ɗan abin awon iskar jikin nan a yatsa. Ka kalli lambar, ka kira motar asibiti ba ka nemi izinin kowa ba. Ina ce maka ka bari, da sauƙi, sai ka ɗaga mini murya, karo na farko a rayuwarka, kuma da Hausa, Hausar da kullum nake roƙonka ka yi.

"Umma, babu sauƙi. Ki daina yi mana ƙarya."

Kwana tara na yi da robar iska a hanci. Kuma na sa muku cutar kai da Nana, Allah ya taimaka ba ta kwantar da ku ba, amma sai da ka yi sati uku ba ka hau keke ba kana shirin tafiya. Ba ka taɓa yi mini gori ba. To yau maganarka nake mayar maka, ban canza mata ko kalma ɗaya ba. Kuma ka sani ɓoye ciwo ba ya tsayawa a kan mai shi. In kanka ya juya a gangaren nan ranar Lahadi, ba kai kaɗai za ka faɗi ba, akwai 'ya'yan mutane a bayanka, su ma suna da iyayen da ke tsaye a kicin suna kallo.

Ka kuma tuna inda kake. A nan gida in ka ce lafiya lau, akwai mai duban idonka, akwai mai tsare Nana har ta yi magana. Can babu. Kocinku ya tambaye ka, ka ce kafaɗa ce, ya duba kafaɗa ya wuce, kuma ba laifinsa ba ne, yara nawa ne a hannunsa. Tsohuwar da kuke zaune a gidanta tana da kirki, na ji, amma ba za ta lura ka tambayi abu sau uku ba. A wajen mutanen nan abin da ka faɗa da bakinka shi suke aiki da shi. In ba ka buɗe baki ba, babu wanda zai buɗe maka.

Na uku shi ne wanda na fi jin kunyarsa, kuma ina zaton shi ne yake kwance a ƙasan jakar nan tare da hular. Lokacin da takardar ƙungiyarku ta zo cewa sun ba ka gurbi ka je ka yi sanyin bana tare da su, Abbanka ya yarda nan take, ni na ce ba inda za ka. Sati guda gidan nan ba daɗi. A ƙarshe na ce to, sanyi ɗaya. In ba ka yi abin a zo a gani ba, ka dawo ka shiga jami'a, a jingine keke har abada. A gaban Abbanka da Nana na faɗa, har na sa ka maimaita. Na ƙara da cewa a garinmu keke na ɗan makaranta ne da mai kai niƙa. Shekara biyar kana tashi bayan asuba ka tafi hawan tuddan bayan gari, ka dawo jagab da gumi, ban taɓa tambayarka na nawa ka zo ba, sai dai in ce kar ka shigo mini falo da takalman nan. Da 'yan uwa a Kano suka tambayi inda za ka, na ce kwas za ka je. Kana bakin ƙofa lokacin, na san ka ji.

To yaro mai irin wannan sharaɗi a wuya me zai yi in kansa ya bugu ana saura kwana takwas masu zaɓe su zo? Zai ɓoye hula. Jiya da Abbanka ya gama aji na shiga na ce masa sharaɗin nan ne zai kashe mana yaro. Ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya ce shi dama bai taɓa sa wani sharaɗi ba, ni na ɗaura, ni zan kwance. Mutumin nan ya iya ba mutum haushi da gaskiya. To na kwance, ga shi a rubuce, ka ajiye shafin nan ka nuna mini duk ranar da na musa. Babu maganar sanyi ɗaya. In likita ya ce ka zauna wata guda, ka zauna. In mutanen babbar ƙungiyar sun zo sun tafi ba su gan ka ba, akwai sanyin baɗi in Allah ya kai mu, kuma ni da kaina zan haɗa maka jaka. Na kira yayata a Kano ɗazu na ce mata ba kwas ka je ba, tseren keke kake yi, a cikin taɓo, kuma ka iya. Ta ce keke dai keke? Na ce keke dai keke.

Daga yau duk wanda ya sa maka sharaɗin da sai ka cuci jikinka za ka cika shi, ka ce ba za ka iya ba, ko koci ne, ko masu zaɓe, ko ni. Ƙungiyar da za ta ƙi ka don ka faɗi gaskiyar ciwonka, ba na son ka shige ta ko da roƙonka suke.

Saura ɗaya, sai in bar ka ka huta da idon nan. Ni ban iya nuna so da baki ba, da kaya nake nunawa. Kafin ka tafi na shiga Jalan Tuanku Abdul Rahman shago shago ina neman rigar sanyi, na sayo guda uku a wajen wani mai shago da shi ma bai taɓa ganin sanyi ba, ya rantse mini suna da kauri. Na cusa maka yaji da kuka da man zafi, na ɗauka za ka buɗe jaka ka gane. Satin farko ka turo hoto ka sa rigunan duka uku a kan juna kana karkarwa, sai da tsohuwar gidanku ta ba ka kwat ɗin ɗanta. Ranar tafiyarka kuma a filin jirgi, kowa da takunkumi, Nana ta rungume ka, Abbanka ya dafa kanka ya yi addu'a, ni kuwa ina can ina yi wa ma'aikaci faɗa a kan yadda ya ja kwalin keken. Ka zo ka tsaya a gabana kana jira. Na ce to, a kula da sallah, Allah ya kiyaye hanya. Shi kenan abin da na iya.

Shekara goma sha tara ban taɓa kiran sunanka ba. Kai, yaron nan, yayan Nana. Ni ma Maman Nana ake ce mini, kamar ita ce ta fari. In makaranta ta aiko da fom, Abbanka nake miƙa wa ya cike. Kai kuma a nan ka tashi, cikin yaran da iyayensu ke ƙwala musu kira da suna daga saman bene. Kana ƙarami ka taɓa tambayata ko na manta sunanka ne, na yi dariya na ce je ka tambayi Abbanka. Ban taɓa zaunar da kai na ce kunya ce irin tamu, ba rashin so ba. Na bar ka ka fassara da kanka, kuma ina ganin abin da ka fassara shi ne ciwonka ba abin da za a kawo wa Umma ba ne.

Ranar Asabar da kake kwance a gindin turken nan, Baturen da ke sharhi ya faɗi sunanka sau biyu, yana murguɗe shi. Mutumin da bai san ka ba, bai san ranar da aka haife ka ba. Ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu, bakina ya buɗe zai kira ka, abin da ya fito shi ne "yaron nan". Tun ranar nake jin haushin kaina.

Ba halin in zo. Ko da an bar ni na fita, kafin a gama gwaji da takardu Lahadi ta wuce. Takardar nan ce kawai nake da ita, don haka zan sa mata abin da ban taɓa ba ka ba. Nana za ta gani in tana ɗaukar hoto, ta yi dariyarta, ba ruwana.

Idrisu.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Idrisu, ɗana, ina tsoro. Ka kai hular nan.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka kan nan, ya tsare ka a gangare da tudu, ya kare ka daga sanyi da annoba da taurin kai irin na uwarka. Allah ya haɗa ka da likita na gari, ya dawo mana da kai da ƙafafunka da hankalinka. Ka gaishe da kocinku, ka gaishe da tsohuwar gidanku, ka ce na gode da kwat.

Ina jiran hoton hular a hannun kocinka. Gobe bayan la'asar ɗinmu zan kira, zan ce yaya jiki, ka faɗa mini inda yake ciwo.

Ummanka